Ƙaramin Madubin Hangen Nesa a Wani Shago a Gusau

Wani shagon kayan gwajin kimiyya a Gusau ya fara kawo ƙaramin madubin hangen nesa mai ƙafa uku, kuma a ganina ya ci kuɗinsa, musamman ga malaman fiziks da ke son ɗalibai su ga abin da Galileo ya gani. A 1609 ne masanin nan na Italiya ya haɗa nasa madubin bayan ya ji labarin irinsa daga Holan, sannan a Janairun 1610 ya hango watanni huɗu suna kewaya duniyar Mushtari (Jupiter), lamarin da ya raunana tsohuwar fahimtar cewa duniyarmu ce duk halittun sama suke zagayawa. Da wannan madubin ma ana ganinsu, ɗigo-ɗigo a jere, kuma ramukan fuskar wata suna fitowa sarai, musamman inda haske ya haɗu da duhu.

Aibinsa ƙafafun ne, domin ba su da nauyi, da iska ta ɗan kaɗa sai hoton ya kama rawa. Da hunturu kuwa, hazo yana rufe kusan komai. Takardar bayaninsa da Turanci take, amma mai shagon yakan nuna wa mai saye yadda ake haɗa shi.