Tallafin gwamnati ko bashin banki: da wanne za a buɗe ɗakin gwajin jini a Damagaram?

Wata ƴar'uwa ma'aikaciyar labo ta tambaya: tana son buɗe ɗakin gwajin jini nata a cikin gari, ta jira tallafin gwamnati ne, ko ta nufi banki? Malama, hanyoyin biyu ba aiki ɗaya suke yi ba.

Tallafi kuɗi ne da ba a biya, amma yana da mai shi. Asusun FARSIT na bincike ne da ƙirƙira, kuma ƙofarsa jami'a ce ko cibiyar bincike irin CERMES ta Yamai. Idan akwai tambayar ilimi a hannunki, kamar yadda maganin zazzaɓin cizon sauro yake aiki a yankinmu, nemi malami a Jami'ar André Salifou ta Damagaram ku shigar da dosiye tare. Wannan kuɗi yana sayen kayan gwaji na binciken, yana ƙarewa ranar da binciken ya ƙare, kuma kowane dala sai an kawo rasit ɗinsa. Ba ya biyan hayar gida. Asusun FISAN kuwa, da aka kafa a 2017, na noma ne da abinci mai gina jiki: mai haɗa garin kunun yara da gero da waken suya da gyaɗa yana da hurumi a can, mai gwajin jini ba shi da shi. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 wasu masu ba da tallafi daga waje sun ja baya, don haka kada ki ɗora ranar buɗewa a kan alkawarin wani shiri.

Bashi shi ne ya dace da na'ura, domin na'ura tana kawo kuɗi kullum. Abin da ke tsayar da mutane a nan jingina ce. Banki yana son takardar mallakar fili cikakkiya, da yawan gidajen unguwannin Birni da Zango kuwa na gado ne, ba a raba ba. A nan ne hannun gwamnati ya fi amfani: FONAP, asusun tallafa wa ƙanana da matsakaitan masana'antu, da kamfanin lamuni na SAHFI. Lamuni ba kyauta ba ne. Suna tsaya miki a kan wani kaso na bashin, akwai kuɗin aikinsu, in kuma biya ya gagara har yanzu ke ake bi.

Ruwan bashin ma a duba shi da alƙalami. A 2014, iyakar ruwan da aka sa a ƙasashen UEMOA masu amfani da sefa ita ce 15% ga bankuna, 24% ga ƙananan asusun rance. A misali, miliyan 10 na sefa a shekara 3: da ruwa 10%, biyan wata kusan jika 323 ne, da 24%, kusan jika 392. Bambancin ya kai miliyan 2 da rabi. Ƙaramin asusu ya fi sauri, amma na sayen kayan wata ɗaya ko biyu ne, bai dace da babbar na'ura ba. Wadda ba ta son ruwa, Bankin Musulunci na Nijar yana yin murabaha: shi zai sayi na'urar ya sayar miki da riba sananniya, ki biya kaɗan-kaɗan. Ko ta wace hanya, nemi a ɗaga miki biyan farko na wasu watanni, domin likitoci ba sa fara turo majinyata a makon farko.

Inda lissafi ya fi rushewa shi ne a zuba dukan kuɗin a ƙarfe. Na'urar ƙidayar ƙwayoyin jini tana shan ruwan sinadari iri 3: na sirkawa, na fasa jajayen ƙwayoyi, da na wanki, kuma tana sha ko da mutum 5 kawai aka gwada, saboda wankin kunnawa da kashewa. Da yawansu ba sa karɓar ruwan wani kamfani. Jinin tabbatar da ingancin awo da yawancin sinadaran gwaji suna son sanyi tsakanin digiri 2 da 8. Wuta ta ɗauke wuni ɗaya a zafin Afrilu, firij ya ɗumama, kayan sun tashi aiki. Saboda haka sola da batir da na'urar daidaita wuta su shiga cikin bashin tun farko, haka ma ruwan da aka tace, don gishirin ruwan famfo yana toshe siraran bututun. Ki tambayi mai sayarwa a rubuce: in ta lalace, wa zai zo, cikin kwana nawa? Yamai kusan kilomita 900 ce.

Tsarin da muke ba da shawara: fara da rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta NIF ta hannun Majalisar Ƴan Kasuwa, sannan izinin Ma'aikatar Lafiya ta hannun ofishinta na jiha, inda za a duba ginin da takardun wanda zai riƙa sa hannu a kan sakamako. Kada ki sa hannu a kan bashi kafin izinin ya fito, ruwa zai fara hawa ƙofa tana rufe. Na'ura da sola a bashin banki mai lamuni, kayan gwaji na wata 3 daga kuɗin hannunki, tallafin bincike kuma ki neme shi bayan ɗakin ya fara aiki, lokacin da kike da rajistar sakamako da za ki nuna wa jami'a.