Katifar iska ga mai Parkinson ko cutar mantuwa da ya kwanta: tana taimako, amma ba ta juya mutum

Idan cutar Parkinson (mai sa rawar jiki da sandarewa) ko cutar mantuwa ta kwantar da mutum, kulawar da ta rage ita ce ta sauƙaƙa masa wahala. Gyambon kwanciya na cikin abubuwan da suka fi ɓata wannan sauƙin, kuma dominsa aka ƙera katifar iska mai inji. A ganinmu ta cancanci a saya, muddin an san iyakarta.

Katifar na da layuka biyu na jakunkunan iska, da tiyo biyu da ke haɗe da ƙaramin inji da ake ratayewa a ƙarshen gado. Layi ɗaya ya cika, ɗayan ya saki, sai su yi musanya kusan duk minti 10. Ta haka fatar ƙugu, kafaɗa da mazaunai ke samun jini lokaci-lokaci. Iri biyu aka fi gani: siririya mai ƙananan kumbura kamar ƙwai, wadda ake shimfiɗawa kan katifar gida, da mai dogayen jakunkuna a jere. Siririyar ta rigakafi ce ga mara nauyi. Wanda fatarsa ta fara buɗewa, ko ya daina motsi gaba ɗaya, mai dogayen jakunkuna ta fi masa, kuma idan jaka ɗaya ta huje ana iya canza ta ita kaɗai.

Kuskuren da ya fi yawa wajen saiti ne. A bar ta ta cika kafin a kwantar da mutum, sannan a juya maɓallin injin daidai nauyinsa. Gwajin mai sauƙi ne: a zura tafin hannu ƙarƙashin katifar daidai mazaunansa. Ya kamata a ji iska kamar kaurin yatsu biyu tsakaninsa da hannun. In ana jin ƙashi, iska ta yi kaɗan ko tiyo ya lanƙwashe. In ta yi tauri kamar katako, an cika ta fiye da kima. Zanin gado ɗaya sakakke ya wadatar. Ɗaure shi tamau, ko jibga leda da tawul da kunzugu a kai, yana kashe aikinta.

Juya mutum yana nan daram, duk awa 2 zuwa 4 gwargwadon yadda fata ke nunawa, a karkace kamar digiri 30 da matashi a baya, diddige a ɗage da matashi ƙarƙashin ƙauri. A fata mai duhu ba lallai a ga ja ba. A nemi wurin da ya ƙara duhu, ya yi ɗumi ko tauri fiye da kewayensa.

Inda muka fi ganin gazawar katifar shi ne ga mai Parkinson da har yanzu yake ɗan juya kansa. Sandarewar jiki da dare dama tana wahalar da shi, katifa mai lotsawa kuma sai ta hana shi inda zai dogara. Irin wannan, katifar soso mai inganci kan fi masa. Ga mai cutar mantuwa kuwa, ƙugin injin da motsin da yake ji a bayansa na iya tayar masa da hankali, musamman masu nau'in cutar da ake kira Lewy, waɗanda ke ganin abubuwan da babu su. A sa tawul tsakanin injin da ƙarfen gado don rage girgiza, ba tare da toshe mashigar iska ba. Haka nan katifar na ƙara tudu, ƙarfen gefen gado ya gajarce, faɗuwa ta zo da sauƙi.

Lokacin ciyarwa dole a zaunar da mai matsalar haɗiya sosai, a bar shi haka kamar minti 30 bayan ya gama. A zaune nauyi na taruwa a mazaunai, don haka a ƙara iska kaɗan, a mayar idan ya kwanta.

Kafin saye a tabbatar tana da bawul na sakin iska cikin gaggawa, ƙararrawar raguwar iska, da murfin toshe tiyo idan wuta ta ɗauke. Mara murfin kan sace a hankali, mutum ya wayi gari a kan abu mai tauri. A kwanakin ƙarshe na rayuwarsa, idan motsin na damunsa, a mayar da injin kan saitin da ba ya musanya.