Goge ƙarafan wuyan jita: soson ƙarfe ko man gogewa?

Masu jita suna yawan tambaya wanne ya fi wajen goge siraran ƙarafan da ke jere a wuyan jita, inda ake danna tsirkiya. Soson ƙarfe mai lamba 0000, wato mafi laushi, ba na wanke tukunya ba, ya fi araha da sauri, yana cin tsatsa nan take. Matsalarsa ɓurɓushi: maganaɗisun fikof, na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jitar lantarki, yana jawo shi, don haka a rufe fikof da salatif tukuna. Kada soson ya taɓa katakon wuya mai fanish kamar na itacen mefil, zai dusashe shi.

Man gogewa kamar Autosol ba ya zubar da ɓurɓushi, amma baƙin dattinsa yana shiga ramukan katako idan ba a rufe katakon ba. Ɗigo ɗaya a tsumma ya ishi ƙarfe biyu ko uku.

Mai ƙarafa masu tsatsa a katako marar fanish, soso ne nasa. Mai jitar lantarki da ke neman ƙyalli kawai, ya ɗauki man gogewa.