Kafin ka sayi hita wa motarka ta gas

Da hunturu ya kama, tun asuba za ka ji masu motar Toyota Dyna suna ta murza ki, mota ta ƙi tashi. Kada ka ruga kasuwa tukuna, je bayan motar ka dubi salansa. Idan inji yana juyawa da ƙarfi, farin hayaƙi yana fita, gas yana zuwa, zafin kama wuta ne babu, wato matsalar hita ce, 'yar sandar ƙarfe da ke ɗumama cikin inji don gas ya kama wuta. Idan babu hayaƙi sam, nemi iska a layin mai ko filta. Idan kuwa juyin ne da nauyi, batir ne: lafiyayye yana nuna volt 12.6 a mita, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba lokacin murzawa.

Ni dai a hita, NGK ko Denso nake saye wa injina, Toyota 5L. 'Yan Japan ne kamar injin, zarensu yana shiga da yatsu ba sai an tilasta ba, kuma idan mai wayarin ya gwada a batir, daga tsini suke fara ja cikin 'yan daƙiƙu. Bosch ma ba laifi. Na gwanjo caca ne. Feshin tayar da inji kuwa, a motar da ke da hita, neman fashewa ne.

Amma jabu, wallahi shi ya fi ci mini rai. Na taɓa sayen huɗu a wani shago, kwali fes, suna ɓaro-ɓaro, mai shagon har da rantsuwa: “Alhaji, orijina ne.” Sanyi bai wuce ba tsinin ɗaya ya kumbura ya maƙale. Garin cirowa ya karye a ciki, sai da bakanike ya sauke kan inji, tumatirin da na yi lodi yana cikin kwanduna yana ruwa. Arha ta ja mini gasket da kwana uku.

Yanzu kafin in sayi hita sai na juya shi a hannu. Rubutun na gaske sarai yake, na jabu ya kan yi dishi-dishi ko ya karkace. Idan tsakiyar sandar ta riga tsini yin ja, ajiye musu. Tafi da tsohon naka a gwada tsawo da lamba, ka duba 11V ne na mota mai batir 12, domin na 24 ba zai yi isasshen zafi ba. A auna huɗun gabanka, kowanne ya nuna wajen om (ohm) ɗaya a mita, kuma ka canza su gaba ɗaya. Wanda ya hana ka gwaji, fita daga shagonsa.