Hattara da masu kafa na'urorin awo na bogi a gidajen Zariya

Jama'ar Zariya, musamman masu sababbin gine-gine a Samaru, Hanwa, Kwangila da GRA, a yi hattara da wasu masu yawo da sunan haɗa wa gida na'urorin auna ruwan tanki, cajin batirin sola da zafin ɗaki, wai maigida ya riƙa gani a wayarsa. Sana'ar kanta halas ce, akwai masu yin ta tsakani da Allah. Amma a cikinsu akwai masu kafa akwatin banza a bango, lambobin da ke fitowa a waya kuwa su ke ƙirƙirar su.

Manhajar Home Assistant da ake yawan amfani da ita tana da sashen SQL, wato yaren da ake tambayar rumbun bayanai da shi. Ana ba ta umarnin SELECT, wato na ɗauko bayani, ta je rumbun bayanai ta ɗauko lamba ta nuna tamkar daga na'urar awo ta fito, tana sake dubawa duk daƙiƙa 30. Ba ruwanta da wanda ya zuba lambar. Ɗan damfara sai ya ajiye rumbun a wata kwamfuta tasa ta intanet, ya rubuta ɗan shirin da ke zuba lambobi bisa agogo: batir ya hau da rana ya sauka da dare, tanki ya cika da safe ya ragu da yamma. Ya karɓi kuɗin kaya, ya kuma ɗora maka na wata-wata.

Akwai masu rabin gaskiya, kuma ɓarnarsu ta fi yawa. Su kan sa HC-SR04, na'urar auna nisa da sauti, a cikin tanki don auna ruwa, alhali ba ta jure laima, JSN-SR04T ce aka yi don wannan. Tururin tanki ya kashe ta, amma da yake umarnin nasu layin ƙarshe kawai yake ɗaukowa ba tare da duba lokacin da aka rubuta shi ba, waya za ta ci gaba da nuna tsohuwar lamba. In lambar ta tsaya a ƙasa kuma an haɗa ta da injin bohol, injin ba zai tsaya ba, ruwa ya yi ta malala, in rijiyar ta ja baya ya ƙone. Aikin ƙwarai sai an sa sharaɗin lokaci, misali awon minti 10 na ƙarshe kaɗai, an kuma bar makunnin nan mai yawo a kan ruwa a matsayin kariya.

Kafin ka biya cikon kuɗi, ka gwada da hannunka. Cire layin data daga rauta, ka bar wayifai na gida a kunne. Tsarin da ke cikin gidanka zai ci gaba da aiki, na bogi zai daskare. Damƙe na'urar zafi, DHT22 ce ko DS18B20, a tafin hannu, lamba ta motsa cikin minti ɗaya zuwa biyu. Ɗora mita a kan batir ka kwatanta: na dalma da asid mai bolt 12 da ya cika ya huta yana kusa da 12.7. In akwai PZEM-004T, abin auna wutar lantarki, zobensa waya ɗaya tak zai zagaye, kuma da ka kunna dutsen guga dole awon wuta ya yi tsalle nan take.

Duba tarihin awo ma. Home Assistant kan ajiye na kwana 10 in ba a canza ba. Ranar da hadari ya rufe gari, cajin sola ba zai yi daidai da na ranar da aka yini ana rana ba. Zanen awo iri ɗaya kullum, santal ba ko gargada, ƙirƙirarre ne.

Sannan ka ce a nuna maka umarnin SQL ɗin da adireshin rumbun. Na asali fayil ne mai suna home-assistant_v2.db a cikin na'urar da ke gidanka. In adireshin na waje ne, ko aka hana ka kalmar sirrin mai gida da sunan "sirrin kamfani", kada ka ƙara ko sisi.

Wanda aka riga aka kafa wa, ya fara raba injin bohol da makullin get daga akwatin, ya canza kalmar sirrin wayifai, ya adana rasit ɗin tura kuɗi da hirarsu ta WhatsApp, ya kai ƙara ofishin 'yan sanda ko EFCC.