Sharhi kan zarto mai karkarwa wajen sauya falankin daɓen katako

Wannan ƙaramin inji bakinsa ba ya juyawa kamar na zarto mai faifai. Karkarwa yake yi hagu da dama, kusan sau 10,000 zuwa 20,000 a minti ɗaya, kuma lilon da yake yi duka-duka yawanci bai wuce digiri 3 zuwa 4 ba. Kamfanin Fein na Jamus ne ya yi suna da shi, asalinsa ma daga zarton yanke filastar karaya a asibiti yake, yanzu kuwa Bosch da Makita da DeWalt duk suna yin nasu. Na yi aiki da shi wajen cire falankai da suka lalace a daɓen katako mai kaurin milimita 19, irin mai harshe da kwarmi, wanda kowane falanki ke shiga cikin ɗan'uwansa. Hukuncina a taƙaice: ya cancanci kuɗinsa, amma a wuri biyu kawai, wato yankan ƙarshen falanki da share lungu. Wanda ya ce zai yi dukan aikin da shi zai ƙona baki uku kafin azahar.

Matsalar cire falanki ɗaya a tsakiyar ɗaki ita ce a kulle yake ta ko'ina. Harshensa na cikin kwarmin maƙwabcinsa, an kuma buga ƙusa a karkace ta cikin harshen. In ka sa ƙarfe ka ɓanɓaro shi, leɓen kwarmin na kusa da shi ne zai tsage, ka tashi da falanki uku maimakon ɗaya. Don haka sai an fara raba shi gida uku. A liƙa salatif na takarda a kan falankan da ke kewaye, a saita zurfin zarto mai faifai daidai kaurin katakon, a ja layi biyu a tsawonsa, kowane layi kamar milimita 15 daga gefe. Nisan nan shi ke hana haƙoran zarto cin karo da ƙusa. Wannan dogon yanka aikin mai faifai ne. Na gwada shi da mai karkarwa, ya yi nawa ƙwarai, bakin ya yi zafi har katakon ya fara hayaƙi, layin ma bai miƙe ba.

Inda faifai ke tsayawa nan wannan inji ke karɓa. Faifai zagayayye ne, ba ya iya kaiwa ƙarshen falanki ba tare da ya ci na gaba ba, dole a tsaya saura santimita 2 ko 3. Mai karkarwa kuwa nutsawa yake tsaye kamar cizal, ya ƙarasa yankan daidai kan gaɓa, wato inda kawunan falankai biyu suka haɗu. Haka in rabin falanki ne ya lalace, ana iya yanke shi a tsakiya a bar mai kyau. A nan akwai dabara: a ɗora guntun katako mai miƙaƙƙen gefe a kan layin, a take shi da gwiwa, a jingina bakin inji a jikinsa. In ba haka ba, da zarar bakin ya taɓa fanish mai santsi sai ya yi tsalle ya bar zane a inda ba a so. A fara da gudu kaɗan har haƙora su kama, sannan a ƙara. Kada a danna. Nauyin injin ya isa, a riƙa ɗan jan sa gefe da gefe don garin katako ya fita. Sabuwar gaɓar kuma ta yi nesa da gaɓoɓin layukan da ke kusa da ita da aƙalla santimita 15, in ba haka ba gyaran zai yi ta nuna kansa.

Baki shi ne inda kuɗi ke tafiya, kuma masu sayarwa ba sa faɗa. Mai manyan haƙora irin na Japan yana cin katako da tsafta, amma ƙusa ɗaya ta ishe shi. Wanda aka haɗa da ƙarfe biyu yana jure ƙusa, mai haƙoran kabaid, wani sinadari da ya fi ƙarfe tauri, ya fi shi daɗewa, sai dai tsada. Baki mai faɗin milimita 32 zuwa 35 ya fi dacewa da falanki mai faɗin milimita 57 ko 83. A duba mahaɗar inji kafin a sayi baki: tsarin Starlock da Bosch da Fein suka fito da shi a 2016 ba ya karɓar tsofaffin bakuna na gama-gari. Mai aiki da loko kuma ya tanadi baki na biyu, domin wannan itace yakan ɓoye dunƙulen alli mai tauri a cikinsa da ke dakushe haƙora nan take, ƙurarsa kuma tana sa tari da ƙaiƙayi. Takunkumi da abin toshe kunne dole ne, don ƙarar injin kamar ta zanzaro ce a cikin gwangwani.

Bayan yanka, a ɗaga tsakiyar da cizal, ɓangaren kwarmi ya zame da sauƙi, na harshe kuma a jawo shi a hankali a zare ƙusoshin da filaya. Sai shara. Tsohon gam da ƙasa da suka taru cikin kwarmin maƙwabci, ko da kaurin ƙwayar gero ne, za su hana sabon falanki kwanciya. Bakin kankarewa mara haƙora yana wannan aiki da kyau. In daɓen tsohon yayi ne da aka liƙa a kan siminti da baƙin gam mai kama da kwalta, kada a goge shi da samfefa, wasu tsofaffin irinsa na ɗauke da asbestos, wani sinadari da ƙurarsa ke cutar da huhu.

Sabon falanki ba zai shiga da kwarminsa cikakke ba. Ana yanke leɓen ƙasa na kwarmin a tsawonsa da kuma a kansa, a ɗan fere ƙasan gefen, sai a zura harshe a karkace a sauke shi kamar murfi. A gwada shi ba gam tukuna. In ya zauna, a shafa gam mai ƙarfi irin na epoxy a harshe da leɓen sama, a buga da guduma ana sa guntun katako a tsakani, a goge abin da ya tsatso kafin ya bushe, a ɗora nauyi ya kwana.

Abin da injin ba zai gyara ba shi ne laima, kuma ita ce ta fi lalata irin wannan aiki. In gefen falankai ya ɗaga tsakiya ta lotsa kamar kwale-kwale, ruwa na tahowa daga ƙasa, sai an nemo bututun da ke yoyo kafin a taɓa zarto. Katako yana bin iskar ɗaki: in damshin iska ya sauka zuwa kashi 20 cikin 100 kamar lokacin hunturu, laimar cikinsa kan koma wajen kashi 4 zuwa 5, in ya kai kashi 80 a tsakiyar damina ta haura kusan 16. Falankin da aka matse tsam a watan Janairu zai kumbura a Agusta ya ture na kusa da shi. A ajiye sabon katako cikin ɗakin kamar mako guda, a auna shi da na'urar awon laima, kada bambancinsa da tsohon ya wuce kashi 2. In kuma gara ce ta cinye cikin, a ƙwanƙwasa na kewaye a ji wanda ke amsawa kamar ganga.

Launi kuma sai haƙuri. Sabon loko rawaya-rawaya ne, sai ya sha haske na watanni yake duhu, don haka wanda ya rina shi ya yi daidai da tsoho yau zai same shi ya fi kowa baƙi baɗi. Abin da ya fi shi ne a ciro tsohon falanki daga ƙarƙashin kabad a sa a fili, sabon ya tafi inda ido ba ya kaiwa.