Liporale: rigakafin tarin fuka da aka haɗa don fosom ta haɗiye a dajin Niyu Zilan

Fosom dabba ce mai jaka a ciki, girmanta kamar na kyanwa, da aka kai Niyu Zilan daga Ostireliya a ƙarni na 19 saboda fatarta. Yau ita ce babbar matattarar tarin fukan shanu a dajin ƙasar. Ba mai iya bin ta bishiya-bishiya da sirinji, shi ya sa Frank Aldwell da abokan aikinsa a Jami'ar Otago suka haɗa Liporale: rigakafin BCG, irin wanda ake yi wa jarirai, amma a cakuɗe cikin kitse don dabbar ta ci da kanta.

Dabarar duk a kitsen take. BCG ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, kuma matacciyarta ba ta ba da kariya. In aka ba da ita tsurarta ta baki, tsamin tumbi na kashe mafi yawanta. Gwajin farko-farko ya nuna cewa zuba ta kai tsaye a farkon ƙaramin hanji ya fi zuba ta a tumbi amfani. To kitsen nan a daskare yake a sanyin daji, sai ɗumin jiki ya narkar da shi, ya raka ƙwayoyin har hanji, daga nan su shiga kaluluwar hanji su zauna. Kowace loma na ɗauke da ƙwayoyi masu rai wajen miliyan 10 zuwa 100, ana kuma sa mata garin cakulan da man ƙanshi don jan hankalin dabbar.

Inda mai gwaji kan ruɗe shi ne awon jini. Wanda ya ɗebi jinin fosom yana neman antibodi, wato sinadaran kariya da jiki ke zubawa a jini, bayan ta ci lomar, kaɗan zai gani ko ma babu, sai ya ce maganin ba ya aiki. Ba a nan aikin yake ba. Kariya daga tarin fuka ta fararen ƙwayoyin jini ce, don haka awon da ya dace shi ne a ware su, a zuba musu tubakulin na shanu, wato sinadarin da ake tatsa daga ƙwayar cutar, a ga ko za su hayayyafa. Shi ma sai an jira makonni, domin amsar hanji ta fi ta allura jinkiri.

A daji ya fitar da masu shi kunya: a gwajin kwarin Orongorongo da aka wallafa a 2009, kariyar ta kai kusan kashi 95 cikin 100.

Aibinsa kuwa ba ƙarami ba ne. A cikin firiza yana watanni, amma da zarar an ajiye shi a fili makonni kawai ƙwayoyin ke yi, rana kuma na narka kitsen. Ba a sanin wace dabba ta ci loma uku, wace ba ta samu ko ɗaya ba. Saniyar da ta cinye lomomi da yawa na iya kumbura a gwajin fata na gano tarin fuka alhali lafiyarta ƙalau, dole a nisanta shi da makiyaya. Sannan fosom ɗin da aka yi wa rigakafi na nan tana cin ganyen daji da ƙwan tsuntsaye, shi ya sa shirin TBfree, mai yaƙi da tarin fukan shanu a ƙasar, har yanzu tarko da gubar 1080 ya riƙe. Liporale ya fi dacewa da wuraren da ba a yarda a watsa guba ba.